Babi na Huɗu: Abin da Ran Ɗalibi Yake So

Sha'awar ɗalibi ita ce abin da hankalinsa yake komawa gare shi idan an tashi daga makaranta, babu malami a kansa, babu jarrabawa a gabansa. Wani yaron da ya ajiye jaka sai ɗakin tattabarunsa. Wani yana tsugune a gefen teburin mai gyaran waya har a kira magariba, ba a biyansa ko kwabo. Wata yarinya ta cike bayan littafin lissafinta da zanen lalle. A gida ana kiran wannan wasa, in ya yi yawa a ce shiririta. Makaranta kuwa yawanci ba ta ma san da zamansa ba, tun da ba shi da gurbi a rajista ko a takardar sakamako. Alhali a nan ne yaro yake fara koyon abu da kansa, ya yi kuskure ya gyara, ya jure gajiya ba don tsoron bulala ba.

Akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa a wannan magana. Baiwa ita ce sauƙin da Allah ya hore wa mutum a kan wani abu, kamar zaƙin murya ko saurin hadda. Marmari shi ne son da yake tasowa yau ya kwanta gobe, irin na yaron da ya ga soja da kaki ya ce shi ma soja zai zama. Sha'awa ta bambanta da su ta wajen daɗewa da kuma aiki: mai ita yana komawa ga abin sau da yawa, yana yin tambaya, kuma saninsa yana ƙaruwa. Ana samun mai baiwar da ba ya sha'awar abin da aka ba shi, ana kuma samun mai sha'awar da baiwarsa kaɗan ce amma naci ya kai shi inda mai baiwa bai je ba.

Inda take tsirowa

Ba a sha'awar abin da ba a taɓa gani ba. Saboda haka garin da yaro ya tashi shi ne yake shimfiɗa masa abubuwan da zai zaɓa daga ciki. Damagum, hedikwatar ƙaramar hukumar Fune a Jihar Yobe kuma mazaunin Sarkin Fune, tana bakin babban titin da ya taso daga Kano ya bi ta Potiskum da Damaturu ya nufi Maiduguri. Yaron da ya girma a bakin wannan titi ya san manyan motoci tun kafin ya iya rubuta sunansa, domin Potiskum, wadda ba ta da nisa ta yamma, ta yi suna da tireloli da direbobinsu da kanikawansu. Ba abin mamaki ba ne a ga yara suna ƙera tirela da gwangwani da waya da tsohon silifas, har da sitiyarin da yake juya tayoyin gaba. Wanda ya haɗa wannan sitiyari ya warware wata matsala ta injiniyanci, ko da bai san sunanta ba.

Kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, wata makaranta ce. Ɗan dillali yana iya duban sa ya faɗi kusan abin da zai kai, ya gane marar lafiya daga yadda yake tsayuwa, ya cire la'ada a ka kafin babba ya gama latsa waya. Ga gonar gero da dawa da wake da riɗi. Ga tsangaya da Islamiyya, inda wani yaron yake kamuwa da son tajwidi, ya riƙa bibiyar musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986. Ga gidan kallon ƙwallo. Ga kuma harsuna: a wannan yanki na Yobe ana jin Ngizimanci da Karekare da Bolanci da Barbarci da Fillanci ban da Hausa, kuma yaron da yake yi wa kakarsa tafinta a asibiti yana da wata ƙwarewa da ake karantawa a jami'a, ana kuma cin abinci da ita.

Abin da ba ya cikin wannan shimfiɗa shi ma abin lura ne. Ɗalibin da bai taɓa leƙa madubin ƙara girman ƙwayoyin halitta ba, ba zai ce yana son aikin ɗakin gwaje-gwaje ba. Idan aka tambayi aji guda abin da suke son zama aka ji likita, soja, lauya, nas, sai kuma likita, wannan yana nuna iyakar abin da aka nuna musu ne.

Masu binciken ilimi biyu, Suzanne Hidi da Ann Renninger, sun bayyana a 2006 cewa sha'awa tana bin matakai huɗu. Da farko wani abu ne daga waje yake fizgar hankali, kamar ranar da aka kafa farantin sola a masallacin unguwa yaro ya ga fanka tana juyawa babu wutar NEPA. Mataki na biyu shi ne hankalin ya zauna a kan abin na ɗan lokaci, kuma wannan yana buƙatar wani ya taimaka: mai haɗa solar ya bar shi ya riƙe masa waya, ya amsa masa tambaya. A na uku yaron ya fara nema da kansa. A na huɗu abin ya zama nasa, yana jure wahalarsa, ba ya jiran a tuna masa. Darasin da ke cikin wannan bayani shi ne matakai biyun farko a hannun manya suke. Sha'awa da yawa tana mutuwa a nan, da kalma guda: tashi ka ba mutane wuri.

Abin da take yi wa karatu

A 1988 wasu malamai biyu a Amurka, Donna Recht da Lauren Leslie, sun gwada ɗalibai 64 na ƙaramar sakandare. Sun ba su wani ɗan rubutu da yake ba da labarin wasan besbol, wasan da Amurkawa suke so kamar yadda ake son ƙwallon ƙafa a nan, suka ce kowa ya karanta ya nuna abin da ya faru a kan ɗan ƙaramin samfurin filin wasan. Yaran da aka sani da raunin karatu amma suka san wasan sun fi fahimtar rubutun a kan gwanayen karatun da ba su san wasan ba. Wato fahimtar rubutu ba ta tsaya ga iya haɗa baƙi da wasali ba, tana rataye da abin da mai karatu ya riga ya sani game da zancen.

Wannan yana da amfani kai tsaye ga aji a Damagum, inda Turanci, harshen koyarwa da na jarrabawa, yake zama harshe na biyu ko na uku ga ɗalibi. Yaron da ake kira daƙiƙi saboda ya kasa karanta labarin dusar ƙanƙara zai iya ba da mamaki idan aka miƙa masa rubutu a kan ciwon huhun shanu ko a kan yadda birkin babbar mota yake aiki da iska. Ya san abin, kalmomin kawai yake nema. Haka lissafi. Wanda yake bin teburin gasar ƙwallon Ingila ya san maki uku na nasara da ɗaya na kunnen doki, ya san cewa ƙungiyar da ta ci 20 aka zura mata 27 tana da bashin bakwai. Lambobin ƙasa da sifiri ke nan, waɗanda suke ba ɗalibai wuya a allo. Yarinyar da take taya uwarta sayar da ƙosai ta san uwar kuɗi da riba da faɗuwa. Mai yanka yadi ta san rabi da kwata da awo. Aikin malami shi ne ya ɗaura sabon darasi a jikin wannan tsohon sani, kamar yadda ake ɗaura guga a igiyar da ta riga ta kai ruwa.

An gwada wannan ma. A wani bincike da Chris Hulleman da Judith Harackiewicz suka wallafa a 2009, an sa ɗaliban sakandare 262 su riƙa yin gajeren rubutu a darasin kimiyya. Wasu suna taƙaita abin da aka koya musu, wasu kuma suna rubuta yadda darasin ya shafi rayuwarsu. Cikin ɗaliban da tun farko ba su sa ran za su yi ƙoƙari ba, waɗanda suka yi rubutu na biyun sun fi samun maki kuma sun fi nuna son darasin. Dabarar ba ta buƙatar wutar lantarki ko ɗakin gwaji, takarda da biro sun isa, kuma waɗanda ta fi amfana su ne na kujerar baya.

Mararraba

A tsarin karatun Nijeriya na shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, akwai wata rana guda da take yanke wa ɗalibi hanya fiye da yadda ake zato. Ita ce ranar da ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare aka raba su: 'yan kimiyya nan, 'yan adabi can, 'yan kasuwanci can. Yaron yana da shekara goma sha huɗu ko sha biyar. Darussan da ya ɗauka a ranar su zai rubuta a WAEC da NECO, su kuma za su ƙayyade huɗun da zai zauna wa a JAMB, inda Turanci yake dole. Mai son likitanci sai da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Wanda bai yi adabin Turanci ba, ƙofar karatun lauya a rufe take gare shi a yawancin jami'o'i. Komawa baya bayan shekara biyu abu ne mai wuya.

Yadda ake yin rabon a makarantu da dama bai kai girman hukuncin ba. Masu maki da yawa a tura su kimiyya, sauran a zuba su adabi, kamar ana tankaɗe. Daga nan ne ra'ayin nan ya samo asali cewa ajin adabi na ragwaye ne, ra'ayin da ya cuci ɓangarorin biyu. Yana cusa yaro mai kaifin harshe da son tarihi cikin Kemistirin da zai yi ta haddacewa ba ya ganewa, yana kuma hana ajin adabi ɗaliban da za su raya shi. Bayan shekaru sai a ga matashi ya zauna JAMB sau uku yana neman likitanci, daga bisani ya karɓi duk kwas ɗin da aka ba shi, ya yi shekara huɗu yana karatun da bai taɓa shiga ransa ba.

Ga ɗalibin Damagum hanyoyin gaba suna da yawa, kuma ba su da nisa. Akwai Jami'ar Jihar Yobe da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Damaturu, Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta koyar da fasaha a Potiskum, Kwalejin Aikin Gona ta Gujba, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013. Akwai kuma jarrabawar NABTEB ga masu bin layin sana'a. Mai tattabaru da ɗan dillalin shanu suna da wurin zuwa a fannin kiwo da lafiyar dabbobi, mai tirelar gwangwani yana da nasa a kanikanci da walda da injiniyanci. Manhajar babbar sakandare da aka fara aiki da ita a 2011 ta ma shigo da darussan sana'a irin su kiwo da ɗinki da gyaran waya. Sai dai darasin sana'ar da ake koyarwa da alli kaɗai, babu keken ɗinki babu sukundireba, ya zama wani abin haddar ne kawai.

Gado da ra'ayin iyaye

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta sana'a gado ce tun asali. Ɗan maƙeri yana zuga, ɗan mahauci yana fiɗa, ɗan malam yana rubutu, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tsarin yana da hikimarsa, domin yaro yana samun malami a gida da kayan aiki da masu saye. Ko a cikinsa ma iyaye suna lura: a gidan ƙira an san wane ɗa ne hannunsa ya faɗa, wane ne gara a sake shi ya tafi fatauci. Da boko ya zo sai gadon ya canza kama. Uba yana zaɓa wa ɗansa abin da yake ganin zai fitar da gidan daga wahala, kuma ba a ce ya yi laifi ba, domin shi ya sayar da buhun wake ya biya kuɗin jarrabawa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma akwai abu guda da yaron ya fi kowa sani, wato abin da yake iya zama a kansa awa uku bai ji an yi ba.

Malaman Musulunci sun tattauna wannan tun da daɗewa. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya ja hankalin iyaye a littafinsa na hukunce-hukuncen jarirai da tarbiyya, Tuhfatul Maudud, cewa su lura da abin da yaro yake da shiri a kansa. In an ga mai fahimta ne da hadda a sa shi ilimi, in hankalinsa yana ga hawa da harbi a bar shi gare su, in kuma wata sana'a ta halal ce idonsa yake kai a ba shi dama, bayan an koya masa abin da addininsa yake buƙata. Hujjarsa ita ce wanda aka tilasta wa abin da ba nasa ba, ba zai yi nasara a ciki ba, kuma nasan zai kuɓuce masa. Bahaushe ya faɗi kusan haka da nasa salon: kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ga misalai uku na waɗanda suka bi sha'awarsu. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da aka haifa a 1966, tun yana yaro zanen motoci yake yi, abin da a gidaje da yawa za a kira ɓarnar takarda. Ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, sannan ya tafi Detroit a Amurka ya koyi zanen motoci, ya gama a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi. Shi ya zana siffar motar gwaji ta Chevrolet Volt mai aiki da lantarki da aka nuna a 2007, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙira da bunƙasa motoci ta Nijeriya. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin da aka sa gasar rubuta littattafan Hausa a 1933. Son labari da ya taso da shi ya haifi Ruwan Bagaja, daga baya Magana Jari Ce, ya kuma kai shi kujerar editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, ta koma ta ajin manya, ta zama ɗaya daga cikin fitattun marubutan Kano. Cikin ukun nan babu wanda sha'awa kaɗai ta kai shi. Kowannensu ya haɗu da wata ƙofa, ko tallafin karatu, ko gasa, ko ajin yaƙi da jahilci, kuma kowannensu ya yi shekaru yana aikin da ba a gani.

Inda ake kuskure

Kuskure na farko shi ne ɗaukar duk abin da ya cinye lokacin yaro a matsayin sha'awa. Wanda yake kwana yana zazzaga bidiyo a TikTok ba lallai ne yana koyon komai ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: bayan wata shida, me ya iya wanda da bai iya ba? In ya fara ɗaukar hoto da kansa yana yankawa yana haɗa sauti, akwai abin rainon. In kallo ne kawai, shagala ce. Haka son ƙwallo: yana iya zama ƙofar lissafi da Turanci da sanin taswirar duniya, yana kuma iya zama ƙofar shagon caca.

Na biyu shi ne kashe sha'awa da lada. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun ɗauki yara ƙanana masu son zane, suka yi wa wasunsu alkawarin takardar yabo in sun yi zane. Bayan kwanaki, da aka bar su su zaɓi abin wasa da kansu, waɗanda aka yi wa alkawarin sun rage zane sosai idan aka kwatanta da sauran. Abin da suke yi don daɗi ya koma aikin biya. Wannan bai hana a yaba wa yaro ba. Yana dai nuna cewa sayo masa fenti ya fi amfani a kan ba shi kuɗi duk sanda ya yi zane.

Na uku ya shafi 'ya'ya mata. Yaro namiji yana yawo, yana tsayawa a gareji da tasha da bakin kasuwa, yana cin karo da abubuwa. Yarinya daga makaranta sai gida, sai aikin gida ko talla, don haka abin da take gani bai kai nasa ba, kuma in ta nuna son wani abu da ba girki ko kitso ba akan yi mata dariya. A yankin da ake ƙarancin mata likitoci da ungozomomi da malamai, yarinyar da take yawan tambaya idan an je awo da yayarta ta cancanci a amsa mata.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gida da aji. Makarantun wannan yanki sun ga tashin hankali: harin makarantar Mamudo a Yulin 2013, wanda ya sa aka rufe sakandaren jihar na wani lokaci, da na makarantar kimiyya da fasaha ta Potiskum a Nuwamban 2014. A irin wannan hali abin da ake fara yankewa shi ne duk abin da ba ya cikin jarrabawa, wato ƙungiyar muhawara da ta matasan manoma da ta 'yan kimiyya ta JETS da wasan kwaikwayo. A 2019 gwamnatin Yobe ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da sakandare. Gina azuzuwa da ɗaukar malamai su ne a gaba a irin wannan shiri, amma ƙungiyoyin nan ba su da tsada, kuma a cikinsu ne malami yake ganin ɗalibinsa a wata fuska da aji ba ya nunawa.

Makarantar da ba ta da jami'in ba da shawara tana iya ɗora wa malamin aji ɗan aiki kaɗan. A farkon zango na uku na aji ukun ƙaramar sakandare, kowane ɗalibi ya rubuta abin da yake yi ranar Asabar, abin da mutanen gida suke kiransa ya yi musu, da darasin da ba ya jin tsawonsa. A ajiye takardar tare da makinsa. Kafin ranar rabon aji a zauna da shi da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, a karanta biyun tare, a gaya musu darussan da kowace hanya take buƙata a WAEC da JAMB, da makarantun Damaturu da Potiskum da Gujba da Gashuwa da suke koyar da ita.